Motar da Take Ja Hagu

Shekarar da na afka wa tulin raken maƙwabcina da mota, 'ya'yana suka yi taro a kaina ta waya, ba da ni ba. Ban san an yi ba sai da babbar 'yata ta zo daga Makarfi, inda take aikin jinya, ta zauna a bakin tabarmata ta yi mini gaisuwa mai tsawo fiye da yadda ta saba. Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka Uwata nake ce mata, ita kuma tun tana ƙarama ta ɗauki sunan da gaske.

"Baba, mun yi magana da ƙannena," in ji ta. "Makullin motar nan muke so ka ba mu ajiya."

Na san irin wannan ajiyar. Na ga an yi wa tsarata ita, da keke da babur, ban taɓa ganin wanda aka mayar wa ba. Ni kuwa da tuƙi na ci abinci duk rayuwata. Na ɗauko goro daga Kumasi, na ɗauko shanu daga Chadi, na yi shekaru a Jidda ina jan tankar ruwa. Da na dawo ƙauyenmu na kusa da Gubuchi na zauna, abin da ya rage mini daga duk wannan yawo shi ne tsohuwar motata mai dogon baya. Ita ke kai ni kasuwa, ita ke kai ni ta'aziyya, kuma ita ce ke sa mutum ya zo ƙofar gidana da wata buƙata ba gaisuwa kaɗai ba. Ranar da aka karɓe makullin, sai dai in koma gindin bishiya cikin masu jiran azahar.

Gaskiya ne raken ba shi ne na farko ba. Kafin shi na taɓa dangar wani, na kuma taɓa saka taya a lambatu. Ba wanda ya ji ciwo. Mai raken ma cewa ya yi ba komai, ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda suka karye ya fere mini. Amma na lura da abin da yaran ba su lura da shi ba: danga tana hagu, lambatu yana hagu, rake yana hagu.

"Ba idona ba ne, ba hannuna ba ne," na ce mata. "Motar ce ke ja hagu. Zo ki gani."

Na kai ta na nuna mata tayar gaba ta hagu. Ta ciki ta cinye har ta yi sulɓi, ta waje kuwa zanenta na nan. Na ce ƙafafun gaba ne suka daina kallon wuri ɗaya, abin da makanikai ke kira alaimen. Ta ce to a kai Zariya a ɗora a na'ura, mijinta zai samo direba. Na ce a'a. Motar da ta tafi gyara a hannun 'ya'ya ba ta dawowa, kullum ana jiran wani ƙarfe daga Legas. A gida zan gyara abata.

Ta dubi tayar, sannan ta ce, "Shi ke nan. Ranar kasuwar Makarfi mai zuwa zan dawo. Zan zauna a gaba ka tuƙa ni. In ta miƙe, makullinka ne. In ta ja, Baba, ba sai na sake roƙo ba."

Na ce na yarda. Aikin ba baƙona ba ne. A Jidda na ga ana yin sa da na'ura mai fitilu, mota na bisa gada, mai gyaran yana shan shayi. A Maraɗi na ga wanda ke yin sa da ido, ya tsaya nesa ya kanne ɗaya, ya zo ya shuri tayar ya ce ta yi. Wanda na yarda da shi a Kumasi na koya, wurin wani tsohon Ba'ashante da ba ya jin Hausa, ni kuma lokacin yarensu bai zauna mini a baki ba, sai da hannu muke magana. Zare kawai yake amfani da shi. Za a tsayar da mota a wuri mai daidai, iskar tayoyi ta zama ɗaya, sitiyari a tsakiya. A ja zare ta kowane gefe, daga bayan mota zuwa gabanta, daidai tsakiyar taya. Sai a auna daga zaren zuwa bakin wili ta gaba, a auna ta baya. In awon ya saɓa, a shiga ƙasa a kwance notin tarod, wato sandar ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya, a murɗa kaɗan, a fito a sake aunawa. Ba wani sirri a ciki, illa dai kada zaren ya motsa.

A ƙauyenmu wuri mai daidai guda ɗaya ne, daɓen simintin da na yi a ƙofar gida don shanyar barkono. Na sa aka share. Zare na aro wurin magini. Abin da za a ɗaura zaren ne ya ba ni wuya, don ba a kafa turke a siminti. Na shiga cikin gida na tsaya ina kallon turamen mai ɗakina.

"Malam, lafiya kake kallon turmi?"

"Aro nake so. Biyu naki, ki karɓo mini biyu a maƙwabta."

"Motar ce za ta yi daka?"

Ta dai bayar, da sharaɗin su dawo kafin surfen tuwon dare. Turmi yana da nauyi, yana da ƙugu inda zare ke zama, kuma tsawon ƙugun ya zo kusan daidai da tsakiyar taya. Da Ba'ashanten nan ya gani da ya sara mini.

Saura wanda zai zauna a kujerar direba ya riƙe sitiyari kada ya juya. Nan na yi kuskuren aika wa taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina, manomin tumatir ta wajen Furana. Tare muka tashi, kuma tun muna yawo ba wando kowannenmu ke cewa ɗan'uwansa bawansa ne, har yau ba a yanke shari'ar ba. Bai taɓa tuƙa komai ba sai jaki da keke. Ya zo, ya zagaya motar da turamenta huɗu, hannu a baya.

"Bawa, tsafin ƙasar waje ne wannan? A kawo baƙin zakara?"

"Shiga ka zauna ka riƙe nan. Kada ka motsa, kada ka taɓa komai."

"Ka ga abin da ake faɗa. Ubangida a kujera, bawa a ƙasa."

Na shimfiɗa buhu, na ɗauki sufana na shige ƙarƙashin mota. Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne ƙofar gidana kan hanyar masallaci da rijiya take. A Kumasi in kana ƙarƙashin mota, mai wucewa tsallake ƙafarka yake yi ya tafi harkarsa. A nan ba a wuce mutum yana aiki. Sai an ce sannu da aiki, a tambayi gajiya, a tambayi iyali, sannan a sa hannu ko da kaɗan ne, don kada a ce an gan ka an wuce. To aikin nawa ba shi da wurin sa hannu sai zare. Wani ya ja shi ya saki ya ji ƙararsa, ya ce bai yi tauri ba, ya ƙara masa ɗauri. Wani ya ga zaren magini ya tambaya ko ɗaki za a gina wa motar, ya ba da shawara a fuskantar da ƙofar gabas. Wani dattijo ya zauna a kan turmi ya ba ni labarin ciwon gwiwarsa tun daga farko. Duk wanda ya tafi sai in fito in sake daidaita zare, taubashina yana leƙowa ta taga yana cewa, "Ya ce a gaishe ka, ya bar maka aiki."

Matasa kuwa wata matsala suka samu. Ba a gai da dattijo a tsaye, sai an durƙusa an yi ƙasa da shi. Ni kuma ga ni kwance, ƙafafuna kaɗai ke waje. Yawancinsu suka durƙusa suka gai da ƙafafun suka wuce, na amsa daga ciki.

Sai ga surukina, mijin Uwata, malamin makaranta ne, mutum mai kunya ƙwarai. Na san ita ta turo shi ya gano mata ko ina raye. Na ji tsayuwar babur, na hango ya tuɓe takalma tun daga nesa, ya zo ya durƙusa kusa da taya. Ya leƙo ya ga kaina yana ƙasa da nasa. Ya sa gwiwa biyu a ƙasa. Har yanzu yana sama. Ya dafa hannu ya sunkuya, bai kai ba. Sai bawan Allah ya kwanta da haƙarƙari a kan siminti, da farar shaddarsa, ya shigo da kai ƙarƙashin mota.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya lau. An zo lafiya?"

"Lafiya lau, Baba. Ya aiki?"

"Da godiya. Ya mutanen gida?"

Tun da ya auri 'yata ba mu taɓa haɗa ido ba, yanzu ga fuskarsa ga tawa, tsakaninmu bai fi taƙi ɗaya ba. Ba inda za mu kai ido, sai muka zuba wa tarod, shi yana kallo ni ina kallo, muka yi ta gaisuwa har muka kai kan damina. Garin barkonon da ya maƙale a simintin ya shiga masa hanci. Ya yi ƙoƙarin danne atishawa don kada ya yi ta a fuskar surukinsa, ya ja baya da sauri, ƙugunsa ya bugi turmi. Na ji ƙarar, amma na yi kamar ban ji ba, don kada in kunyata shi. Ya tashi ya mayar da turmin inda yake zaton yake, ya ƙara gyara wanda ke bayansa don su yi kyau a ido, ya yi sallama ya tafi.

Ni daga ƙasa na ɗauka turmi ɗaya ya taɓa, kuma na ga ya koma wurinsa. Na fito na auna, na ga awon ya saɓa da yawa, na ce lallai ga cutar. Na koma na yi ta murɗa tarod, ina aunawa ina murɗawa, har awo ya zo daidai da zare. Na ɗaure noti, na ce wa taubashina ya fito ya ga aikin masu ilimi. Ya fito ya tsaya a gaban motar ya daɗe yana kallo.

"Bawa, da can motarka ja take yi. Yanzu ta zama harara-garke. Wannan ƙafar Kudan za ta, wannan kuma Ikara."

Ko ba zare ana gani. Kafin in sami abin cewa, mai ɗakina ta aiko a kawo turame.

Na kwana biyu ina tunanin yadda zan sami ƙofar gidana ba kowa. Allah ya kawo suna a Gubuchi, gidan wani mai jama'a, gari ya watse can tun da hantsi. Na ce ciwon baya ya hana ni zuwa, wanda ba ƙarya ba ne. Na sake aro turame, wannan karon na zagaye gindin kowanne da gawayi a kan siminti, ko an taɓa in gani. Taubashina ya zauna a kujera, bai daɗe ba barci ya ɗauke shi da hannu a sitiyari, kuma ban taɓa samun mai riƙo kamarsa ba. Na auna, na murɗa, na tura motar gaba da baya don ƙafafun su zauna, na sake aunawa. Na bar gaban tayoyin ya ɗan shigo ciki kaɗan, kamar kaurin tsinken ashana, yadda aka koya mini. Na mayar da cinyayyiyar tayar baya, na kawo mai kyau gaba. Kafin 'yan suna su dawo na gama, na mayar da turame da godiya.

Ranar kasuwa Uwata ta zo. Ta shiga gaba ta ɗaura bel, abin da ba wanda ya taɓa yi a motar, sai da ta karkaɗe masa ƙura. Taubashina ya shiga baya ba a gayyace shi ba, ya ce shi ne shaida. Da sassafe muka fita, mutane suna gona. Muka hau kwalta, na sami inda hanya ta miƙe ba rami, na ɗaga hannuwana biyu daga sitiyari na ɗora a cinya. Motar ta tafi sak kamar an ja ta da igiya.

"Kin gani?"

"Na gani, Baba. Mayar da hannunka."

Muka je Makarfi muka juyo, ba ta ja ko sau ɗaya ba. Uwata ta fara sakin fuska, har ta ce za ta kira ƙannenta ta gaya musu. Ni kuwa a zuci har na fara shirya abin da zan ce wa kowannensu.

Muka sauka daga kwalta muka kama hanyar gari. A bakin gari, ta hannun hagu, akwai ceɗiyar da dattawa ke zama, ranar kuwa sun cika, har da Liman, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba. Na yi abin da kowane ɗan halak zai yi. Direba a hagu yake zama, hannun da ke bakin taga na hagu ne, kuma ba a gai da mutane da hagu. Na ɗaga na dama na tsallakar da shi ta gaban ƙirjina na fitar ta taga, na juya da kafaɗa don su ga fuskata. Da na hangi Liman sai na sa na hagun ya tallafi na daman, yadda ake yi wa manya.

Abin da na ji shi ne Uwata ta cafke sitiyari, na taka birki. Hancin motar ya tsaya a ƙarƙashin ceɗiya, dab da tabarmi. Abin da ya fi ba ni mamaki, ba wanda ya firgita. Dattawan nan sun riga sun kwashe takalmansu sun koma bayan bishiya, cikin natsuwa, kamar waɗanda suka ga hadari ya haɗo. Liman ya zagayo ya zo bakin taga.

"Alhaji, barka da dawowa. An ce ka gyara ta."

"Na gyara, Allah gafarta Malam."

"Madalla. Ai mun gani, yau ta fi saurin isowa."

Uwata ta gaishe shi, sannan ta tambaya a hankali ko haka ta taɓa faruwa. Liman ya ce ba kullum ba, sai dai in na gaishe su. Ya nuna mata inda bencinsu yake a da, can kusa da hanya, da inda suka mayar da shi, da inda suka sake mayar da shi. Ta ce me ya sa ba a faɗa ba. Ya ce, "'Yata, mutum ya taho gaishe ka da mota gaba ɗaya, ka ce masa me?"

Na ja baya na tsayar da motar a gefe na kashe. Na tuna ranar rake, mai shi yana tsaye kusa da tulinsa, na tambaye shi ya kasuwa. Na tuna mai danga yana ɗaurin dangarsa.

"Lokacin da na koyi tuƙi, kafin a canja hannu, sitiyari a dama yake," na ce. "Hannun gaisuwa yana bakin taga. Ba ni na mayar da shi hagu ba. Bayan nan kuma duk ƙasashen da na yi tuƙi, wa na sani a hanya da zan gaisar?"

"To ka riƙa yin hon, Baba."

"In yi wa Liman hon? Akuya ne?"

"Ka ɗaga na hagun."

"Gara in wuce ban gan shi ba."

"To ka wuce ba ka gan shi ba."

"A garin nan? Kafin la'asar an turo mini mutum uku su ji laifin da aka yi mini."

Ta juyo ta dube ni, idonta ya kawo ruwa, ko na dariya ne ko na tausayi ban sani ba. Ta ce ita dai ba za ta jira ranar da wani zai makara wajen kwashe takalmi ba. Alkawari kuwa ni na yi shi da bakina, in ta ja. Ba mu ce saboda me ba. Na zare makullin na riƙe a tafin hannu, ban miƙa ba, ban kuma mayar aljihu ba.

Taubashina ya yi gyaran murya daga baya.

"'Yata, bar masa abinsa. Laifin na tsari ne. Ina aka taɓa ganin bawa yana tuƙi kuma shi ke gai da jama'a? Shi ya riƙe sitiyari da hannu biyu ya kalli gabansa. Ni zan zauna nan baya, bakin taga, in riƙa gaisawa da mutane. Kowa ya san motar ta gaishe shi, ba wanda zai ce an wuce shi."

Na ce ba zai yiwu ba. Uwata ta ce zai yiwu ƙwarai, kuma in ba haka ba ga hannunta. Ta kafa sharaɗi a gaban shaida: cikin gari da ƙauyukan da aka san ni, motar ba ta motsawa sai taubashina yana ciki. Na dubi hannun da ta miƙo, na dubi taubashina ta madubi yana gyara zaman hula. Na mayar da makullin cikin mota na tayar.

Haka muke har yau. Yakan zo da babbar riga ko da gona za mu, ya tsaya sai na buɗe masa ƙofa, in na ƙi ya ce zai kira Makarfi. Yana gai da na dama, yana gai da na hagu, har da mutum biyu da na daɗe ba na shiri da su, waɗanda yanzu suke aiko mini da gyaɗa. In baƙo ya tambaya wane ne a gaba, sai ya ce yaronsa ne, ya ɗan yi yawon duniya amma yana da hankali. Tayoyin gaba suna ci daidai, dattawa sun dawo da bencinsu bakin hanya. Makullin yana aljihuna. In ina son zuwa kasuwar Ikara dai, sai mun fara biyawa Furana ya duba tumatirinsa.